Agogo goma sha ɗaya a akwati amma mai batir ɗin nan kaɗai nake ɗaurawa, lafiyata ƙalau kuwa?

Ɗan Aboabo:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Masu ciwon agogo don Allah ku matso kusa, akwai abin da ke damuna kwana biyu kuma in na faɗa a bes wajen shan ataya dariya kawai ake min, shi ya sa na ce bari in kawo nan ko a samu mai irin ciwona.

Ni aikin wayarin mota nake a Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, kuma tun ina yaron shago abin nan ya kama ni, maigidana a lokacin yana da wani Rado mai ruwan gwal da ya sayo a Makka, in ya miƙo hannu zai karɓi sifana ni hannun nasa nake kallo har sai ya daka min tsawa. Da Allah ya sa na fara riƙe kuɗin kaina sai na shiga saye, yau ɗaya gobe ɗaya, wani a Adum wani a Alabar wani wajen masu kayan homyus wato na hannu, yanzu haka guda goma sha ɗaya ne a cikin akwatin da madam take kira akwatin kishiyoyi. Seiko 5 guda uku (ɗaya na babana ne Allah ya jiƙansa), Orient biyu, Seiko SKX007 na masu nutso ɗaya wanda sai da na yi wata shida ina bin wani bawan Allah kamar mai bin bashi kafin ya sallama min, sauran kuma tarkace ne dai irin wanda ido ya gani zuciya ta biya. Duka otomatik ne, wato masu inji da motsin hannu ke tafiyar da su ba batir ba, don a bes ɗinmu tun tuni aka yanke hukunci wai agogon batir ba agogo ba ne, ba shi da rai, kalkuleta ce aka sa wa bel. Ni ma da bakina na sha faɗin haka, Allah ya yafe min.

To azumin da ya wuce aka kira ni gyaran wata babbar mota da ta mutu a hanyar Techiman, wayata ta mutu tun la'asar saboda daren an yi dumso, wato an ɗauke wuta, ban samu caji ba, ga hadari ya rufe gari ko alamar rana ba ka gani. Na duba agogo, ɗaya daga cikin tarkacen nan ne ba sai na kira suna ba, na ga shida da ashirin, na ciro dabino a aljihu na yi bismilla har ya kusa bakina sai direban motar, wani dattijo ɗan Bawku, ya cafke min hannu ya ce yaro ina za ka? Ya nuna min ɗan Casio ɗinsa na roba irin wanda 'yan makaranta ke ɗaurawa, shida da minti tara. Minti goma sha ɗaya nawa ya yi gaba, agogon da na saita da hannuna shekaranjiya. Wallahi kunyar da na ji ta fi yunwar, mutumin bai ce komai ba sai dai ya kalli agogona ya kalli nasa ya yi murmushi, da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Da na dawo gida na buɗe durowa na jawo wani Casio MDV-106, wanda ake ce wa Duro ɗin nan mai hoton kifi a fuska, na masu nutso, an rubuta mita 200. Ɗan kawuna ne boga a Bronx ya kawo min tsaraba, a lokacin har na ji haushi a raina na ce duk faɗin Amurka abin da ya gano min ke nan, na yi godiya dai na jefa shi can. Na ce bari in ɗaura shi zuwa sallah kawai saboda sahur da buɗa baki. Jama'a yau wata takwas ke nan bai bar hannuna ba. Da shi nake alwala, da shi nake shiga ƙarƙashin mota, giris ya shafe shi in sa sabulu da tsohon buroshin haƙori in wanke ya dawo fes, ruwan Kumasi ya dake ni a kan babur daga Suame har Aboabo ko gezau. Zoben nan mai juyawa na sama da nake ɗauka ado ne yanzu da shi nake ƙirga mintin da na sa batirin kwastoma a caji. Sau ɗaya na saita lokaci, bayan wata biyu na gwada da na waya sakan goma sha wani abu ne tsakani, abin da nake taɓawa kawai kwanan wata in watan bai kai 31 ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba wannan ba ne. Da, in na kwanta sai na yi awa guda ina lilo a Jiji da Facebook ina kallon agogunan da ba ni da kuɗinsu, yanzu ko sha'awa ba na yi, zuciyata ta kwanta kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ranar Juma'a na buɗe akwatin duk sun tsaya, kowanne da lokacin da ya mutu, na tsaya ina tunanin girgizawa da saita rana da kwanan wata sai na ji kasala na rufe. Shin akwai wanda haka ta taɓa samu ko tsufa ne ya fara shigata, kuma in sayar da su ne ko in bari kar in zo ina cizon yatsa, sannan in batirin wannan ya ƙare wa zan ba ya buɗe ba tare da ya kashe min shi ba don na ji ana cewa da zarar an buɗe bayan agogon ruwa shi ke nan ya tashi daga aiki.

Tsoho mai gyara, Adum:

Wa alaikumus salam ɗana. Lafiyarka ƙalau, ba aljanu ba ne. Ni sama da shekara talatin ina zaune kan tebur ɗaya da gilashi a ido, kuma in ka duba hannuna yanzu mai batir ne, ba zan wuni ina jinyar na mutane ba sannan in koma gida in yi jinyar nawa.

Agogon da ya so ya karya maka azumi kar ka ga laifinsa, sana'arka ce ta ɓata shi. A cikin otomatik akwai wata siririyar waya a naɗe kamar gashi, ita ke riƙe da bugun agogon, kai kuma kullum hannunka na cikin sitata da altaneta da lasifikar mota, duk maganaɗisu ne, in ya kama wayar nan sai zagayenta su manne da juna ta gajarce, agogo ya kama gudu kamar direban trotro ya hango fasinja. Ka kusantar da shi da kamfas irin na duba alƙibla, in allurar ta juya to shi ne. Duk mai gyaran da ke da ɗan injin cire maganaɗisu zai yi maka a minti biyu ko buɗe shi ba za a yi ba, in wani ya ce sai an canza inji ka karɓi abinka ka yi gaba.

Yaran bes ɗinku masu cewa ba shi da rai kuma, ka tambaye su ko sun taɓa ganin cikinsa. Akwai ɗan ƙanƙanin dutse da ake kira kwats, an yanka shi baki biyu, batir na sa shi karkarwa sau 32,768 a cikin sakan ɗaya, sai wani ɗan sakit ya yi ta raba lambar gida biyu, ya sake rabawa, har sau 15 ta dawo 1, wannan ɗayan shi ne tik ɗin da kake gani hannun sakan ya yi. SKX ɗinka bugu 6 yake a sakan, 21,600 a awa. To mai ƙirga lokaci da dubu talatin da biyu da mai ƙirgawa da shida ai ba sa'annin juna ba ne. Injin NH35 na Seiko da ake sa wa otomatik da yawa yanzu, kamfanin da kansa ya rubuta zai iya gaba da sakan 40 ko baya da 20 a rana ɗaya, kuma wannan ba lalacewa ba ce haka aka yi shi. Manyan na Swizalan masu takardar shaida su ma an yarje musu baya da 4 gaba da 6 a rana. Naka na kifi sakan 20 ne a wata guda.

Kuma ba kayan talaka ba ne tun asali. Agogon hannu na kwats na farko da aka fara sayarwa Seiko Astron ne, ranar 25 ga Disamba 1969, jikin zinari, yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a Japan a lokacin. A 1978 Seiko suka fitar da na batir mai mita 600 don masu aikin ƙarƙashin teku na gaske, wanda ake wa laƙabi da Tuna saboda ya yi kama da gwangwanin kifi. Rolex ma da ake rantsuwa da su sun yi na batir, Oysterquartz, tun 1977 suka yi ta yi sama da shekara ashirin. Araha daga baya ta zo da aka iya yinsa da yawa.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci, batir. Abin da ka ji rabinsa gaskiya ne. Buɗewa ba ta kashe agogon ruwa, mai buɗewar ne ke kashewa. Naka yana cin SR626SW, wasu na ce masa 377, yana kai kamar shekara uku. Ka sayi na ƙwarai da kanka, Maxell ko Renata ko Murata, ka tabbatar SR ne a farkon lambar, kar ka yarda a sa maka LR626 ko AG4 ɗin nan na kan kwali da ake sayarwa goma a kati, girmansu ɗaya zai shiga kuma zai yi aiki amma bai daɗewa kuma ya fi saurin yoyo. Watan jiya wata baiwar Allah ta kawo min na mijinta da ya rasu, ya shekara huɗu a cikin adaka da mataccen batir, da na buɗe wani farin gari mai kore-kore kamar kanwa ya cinye ƙarfen da ke taɓa batirin ya gangara har kan siririyar wayar jan ƙarfen nan, na goge na goge a banza, dole injin duka na cire na sa wani, tana tsaye tana hawaye tana cewa ita dai ta ga yana tafiya. Saboda haka duk mai agogon batir a ajiye, in ya tsaya a cire batirin ko da ba za a sa sabo ba.

In za a buɗe ka tsaya a wajen. Bayan naka na murɗawa ne, da makulli mai haƙora ake kwance shi, in ka ga mutum ya ɗauko wuƙa ko ƙusa da guduma ka ce masa ka fasa. A ƙarƙashin murfin akwai siririn zoben roba, shi ne duk mita 200 ɗin da kake gani, a ciro shi a duba in ya bushe ko ya baje a canza, in da sauransa a shafa masa man silikon a mai da shi ramin sa daidai kar murfi ya cije shi. Ba man inji ba, ba basilin ba, kai da ke Magazin kar ka ce za ka gwada giris. Sai kan da ake saita lokaci, shi ma na murɗawa ne, duk sanda ka gyara kwanan wata ka murɗa shi ya koma ya zauna, yawancin agogon ruwa da ake kawo min da gumi a cikin gilashi ta nan ruwan ya shiga. Kar ka yi wanka da ruwan zafi da shi, in kuma ka je Accra ka shiga Labadi ka ɗauraye shi da ruwan famfo saboda gishiri.

Na babanka kuwa ko an ba ka gida a Nhyiaeso, unguwar masu kuɗi, kar ka sayar.

Ɗan Nima 441:

Baba mai gyara ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa ba wanda zan iya musawa amma ka bar ni in ɗan kare mana mutunci mu 'yan otomatik tunda na ga an taru za a binne mu da rai.

Ɗan'uwa na Aboabo, in lokaci kawai kake nema ai wayarka ta fi Casio ɗin daidai, ka sayi fawabank ka huta. Mu ba don sanin ƙarfe nawa muke ɗaura agogo ba, ni in na kara nawa a kunne da daddare in gari ya yi tsit na ji yana tsik tsik tsik da sauri, na san ba batir ba wuta, motsin hannuna na yau ne kawai ya ba shi abincin da zai kai gobe, akwai wani daɗi da nake ji wanda ba zan iya fassara maka ba. Wannan tik... tik... na batir ɗin ni kamar agogon bangon ajin makaranta nake jinsa. Kuma da yawa cikin masu arahar hannun sakan ɗin ba ya sauka daidai kan layi, sai ya faɗa tsakani, in idonka ya gano haka sau ɗaya ka shiga uku ba za ka daina gani ba.

Sannan ka je ka duba fuskar SKX ɗin da ka jefar a akwati, an rubuta DIVER'S 200m, na kifin kuma WR 200M aka rubuta, ba abu ɗaya ba ne. Kalmar farkon ba a sa ta sai agogo ya cika ƙa'idar ISO 6425 ta agogon masu nutso, ana gwada shi a matsin da ya wuce abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari wato na mita 200 sai ya jure na 250, zoben ya zama gefe ɗaya kawai yake juyawa, a iya karanta shi cikin duhu, da sauran sharuɗɗa. Ban ce Duro ba ya jure ruwa ba, yana jurewa sosai, amma mai takarda yana akwati marar takarda yana yawo a gari. Kuma SKX tun 1996 ake yinsa aka zo aka daina wajen 2019, wanda ke da shi yanzu yana da abu a hannu.

Maganar gado fa? Kai da bakinka ka ce Seiko 5 na babanka na nan, na tabbata in ka girgiza shi yanzu zai tashi. Baba mai gyara ya faɗi 1969, to bari in ƙarasa masa labarin, agogon batir ya kusa kashe masana'antar Swizalan gaba ɗaya, ma'aikata daga wajen 90,000 a 1970 suka dawo wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, amma da ƙura ta lafa me masu kuɗi suka koma nema? Mai inji. Araha ba ta ado masa. Ni dai shawarata kar ka yi gaggawa, wannan abin da kake ji hutu ne zuciyarka ta ɗauka, na taɓa yin wata huɗu da G-Shock na rantse na gama, ranar wani ɗaurin aure a Mamobi na sa farar shadda na duba hannuna na ga baƙar roba kamar ɗan sandan kan hanya, da gudu na koma gida na canza.

Amma fa in ka nace sai ka sayar, SKX ɗin kar ka kai shi ko'ina, ni mai taimako ne.

Sabon Zongo Kumasi:

Hahaha cale ana ta rigimar mita 200 da 250, tafkin Bosomtwe da ke bayan gidanmu gaba ɗaya zurfinsa wajen mita 80 ne kuma na rantse duk cikinku ba wanda ya taɓa wuce ruwan gwiwa a ciki. Nutson da agogunanku suka sani shi ne butar alwala. Ni dai na san an sha ganin Bill Gates da Duro ɗin nan mai araha, in shi bai ji kunya ba kai ɗan Aboabo me kake da shi da za ka ji.

Hajiya mai waake, Asawase:

Salamu alaikum, ku yi haƙuri mace ta shigo zancen maza. Ƙanena na Aboabo ka gaida min madam ka ce mata akwai 'yar'uwarta a nan, nawa Alhajin guda tara ne da shi kuma kowace Juma'a sai mun makara saboda yana tsaye gaban madubi yana girgiza hannu kamar mai kaɗa fura.

Ni ƙarfe uku na dare nake tashi ɗora tukunya, daga nan har azahar hannuna na cikin ruwa, wankin shinkafa da wake, karan dafi, wanke-wanke, ba na iya taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu kuma biyu na riga na jefa a cikin baho. Sai na ga wani Citizen Promaster a durowar Alhaji ya yi ƙura, ya ce abokinsa ne ya ba shi shi kuma ba ya son mai tik tik, na ɗauka na sa aka ƙara wa robar huda biyu don ya yi min yawa. Yarana na wajen aiki suna dariya wai na ɗaura agogon soja. Shekara biyu ke nan, zoben nan nake juyawa in na zuba ƙwai ko taliya, in na sa alamar kan dogon hannun ba sai na riƙe komai a ka ba ina sallamar masu saye ina leƙawa, kuma cikin duhun asuba yana haske kamar idon mage.

Abin da zan ƙara kan maganar Baba, tunda tsoron buɗewa kake, shi wannan Eco-Drive ne haske yake ci ba a canza masa batir kamar sauran, in ya ƙoshi yana iya wata shida a duhu. Sau ɗaya ya tsorata ni, lokacin hunturu ina sa rigar sanyi mai dogon hannu ga hijabi a kai, rannan na duba na ga hannun sakan yana tsalle bibbiyu, na ce inna lillahi na lalata wa Alhaji kaya, ashe yunwa yake ji yana faɗa min, ɗana ya ce in ajiye shi bakin taga. Kwana biyu ya sha hasken safe ya dawo daidai. Yanzu Alhaji in zai saita nasa guda taran ni yake tambaya Hajiya ƙarfe nawa.

Ɗan Aboabo:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Baba na gwada abin kamfas ɗin jiya da dare, ba wancan kaɗai ba, guda huɗu ne allurar ta yi rawa, ashe shekara da shekaru ina zagin masu gyara da masu sayarwa ni ne mai ɓarnar. Zan shigo Adum ranar Asabar in sha Allah da su a leda.

Ɗan Nima ka taɓa ni a maganar gado ba zan ɓoye ba. Bayan na karanta naka na ciro na babana na girgiza sau uku kawai ya kama tafiya, gilashin duk ya karce, sarƙar ta saki tana ƙara kamar yadda take yi in yana alwala ya tura shi sama zuwa gwiwar hannu, na zauna bakin gado na daɗe ban ce komai ba har madam ta leƙo ta koma. Na ɗaura shi zuwa masallacin Juma'a. Amma ina dawowa zan fita shago hannuna da kansa ya koma kan na kifin, ban ma yi shawara ba. Ina ganin abin da ya faru shi ne su goma sha ɗayan nan ni nake musu hidima, in tashi in girgiza in saita in ji tsoron ruwa in ji tsoron guduma in cire in zan buga wani abu, shi kuwa wannan bai taɓa neman komai a wajena ba tun azumi. Maganar hannun sakan da ba ya sauka kan layi kuma Allah ya isa, ban taɓa lura ba sai da ka faɗa, yanzu tun safe nake kallo.

Na yanke zan bar uku, na baba, da Orient ɗaya na sallah da biki saboda abin da ka faɗa na farar shadda gaskiya ne, da SKX. Takwas za su tafi, madam har ta fara lissafin firiza.

Hajiya na gode ƙwarai, ta ce a gaishe ki da kyau. Don Allah Promaster ɗin nan naki wace lamba ce a bayansa, ba saye zan yi ba tambaya ce kawai, na ɗan duba hotuna jiya har ƙarfe ɗaya na ga akwai baƙi akwai shuɗi kuma an rubuta DIVER'S ɗin da ɗan Nima ke magana.

Tsoho mai gyara, Adum:

Baƙin BN0150, shuɗin BN0151. Ka zo da safe kafin rana ta yi, bayan azahar idona ba ya ganin ƙananan sukurori. Kuma ka bar kuɗin firizar a gida.

Ɗan Nima 441:

To tunda SKX ya kuɓuce min, Seiko 5 guda biyun da ba na baba ba, turo hoton fuska da baya, in ba a taɓa fenta fuskar ba mu yi magana, momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, a shirye yake. Amma sai Baba ya cire musu maganaɗisun tukuna, ni ma ina azumin Litinin da Alhamis.